Mazaunin madubin hangen nesa da ɗaukar hoton taurari

Madubin hangen nesa kashi biyu ne: bututun da ke tara haske, da abin da aka ɗora bututun a kai, wato mazauni. Mai saye yakan zura ido a kan bututun, ya tambayi faɗin gilashi da ƙarfin zuƙowa, mazaunin kuwa ya ɗauke shi a matsayin gyara. Ga wanda zai ɗora ido ya kalla kawai, wannan bai cika yin illa ba. Amma ga mai son ɗaukar hoton abin da ke sararin samaniya, mazaunin ne yake yanke tsawon lokacin da kyamara za ta iya zama a buɗe, tsawon lokacin nan kuma shi yake raba abin da zai ɗauku da abin da ba zai ɗauku ba.

Tushen matsalar juyawar duniya ne. Duniya tana kammala juyi ɗaya, idan aka auna ta da taurari, cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4, saboda haka sama duka tana tafiya daga gabas zuwa yamma da kimanin digiri 15 a kowace awa. Ido ba ya lura da wannan tafiya, madubi kuwa yana kambama ta. Faɗin wata rabin digiri ne, don haka cikin minti 2 yakan gusa da tsawon faɗin kansa. Wanda ya taɓa saita wata a madubin da ba shi da mota, wato injin da ke juya shi, ya san yadda yake sulalewa ya fice kafin a kira na kusa ya zo ya gani. A kyamara abin ya fi muni. Idan madubin yana da tsawon zuƙowa na milimita 1,000, aka haɗa shi da kyamara irin ta yau, tauraro zai ratsa ɗigon hoto kusan 18 cikin sakan ɗaya tak. Maimakon ɗigo mai tsabta sai a samu zare.

Da a ce komai na sama yana da haske sosai, da an ƙyafta kyamara an wuce wurin. To amma abubuwan da suka fi jan hankalin masu wannan sha'awa, wato gajimaren iska da ƙura inda ake haifar taurari, da manyan gungun taurari masu nisa irin Andromeda, haskensu dishi-dishi ne, sai an bar kyamara tana tara shi na tsawon lokaci. Tun farkon harkar haka take. A ranar 30 ga Satumba 1880, Henry Draper, wani likita a Amurka, ya ɗauki hoton farko na gajimaren Oriyon, kuma sai da ya bar farantin hoton a buɗe minti 51. A ƙarshen 1888 Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine a Birtaniya, ya ɗauki Andromeda na awa 4 da madubi mai faɗin santimita 51, hoton ya fito da murɗaɗɗen tsarinta. A duk tsawon waɗannan mintuna da awanni dole madubin ya bi sama sau da ƙafa, ba gaba ba baya.

Mafi sauƙin mazauni shi ne ƙafa uku ta masu hoto, wadda ba ta motsi. Da ita ana iya ɗaukar faffaɗar sama da ƙaramin gilashi, muddin an taƙaita lokaci. Masu harkar suna da wani ƙiyasi na gargajiya: a raba 500 da lambar milimitar da ke jikin gilashin, abin da ya fito shi ne yawan sakan kafin taurari su fara jan zare. Gilashin milimita 20 yana ba da sakan 25, na 50 sakan 10, na 200 sakan biyu da rabi. Kyamarorin yanzu masu ƙananan ɗigo ma ba sa haƙurin kaiwa nan. Iyakar ƙafa uku ke nan.

Daga ita sai mazaunin da ake kira altazimut, wanda za a iya ce masa mai sama-da-gefe, domin motsinsa biyu ne: ɗagawa ko sunkuyarwa, da waiwayawa dama ko hagu. Yana da sauƙin ƙerawa, da sauƙin fahimta, ba ya kuma bukatar wani saiti kafin a fara kallo. Fitaccen nau'insa shi ne wanda John Dobson ya yayata a San Francisco tun shekarun 1960: akwatin katako mai juyawa a ƙasa, an ɗora masa ƙaton bututu, ana tura shi da hannu. Dabarar Dobson ta sa kusan duk kuɗin mai saye ya tafi ga faɗin madubin, shi ya sa har yau babu abin da ya kai shi arahar nuna wa ido abubuwa masu dishi-dishi. Sai dai an yi shi ne don ido.

Ana iya sa wa mai sama-da-gefe mota biyu da ƙaramar kwamfuta ya riƙa bin tauraro da kansa, kuma tun da kamfanin Meade ya fito da LX200 a 1992 irin waɗannan suka cika kasuwa. Tauraron zai tsaya cik a tsakiyar hoto. Amma akwai wata matsala da mota ba ta magance ta. Duk wanda ya lura da Kaza da 'Ya'yanta lokacin fitowarta a gabas, ya sake dubanta dab da faɗuwarta a yamma, zai ga ta kifa: gefen da yake sama ɗazu ya koma ƙasa. Taurari ba miƙe suke tafiya ba, kewaya suke yi, suna jirkicewa a hankali. Mai sama-da-gefe kuwa kullum yana riƙe kyamara daidai da shimfiɗar ƙasa. Sakamakon haka tauraron tsakiya yana nan ɗigo, na gefe-gefe kuma suna zagaya shi, kowanne ya ja ɗan baka, na kusurwa ya fi kowa tsawo.

Saurin wannan jirkicewa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya danganta da inda abin yake a sama, da kuma inda mai hoton yake a doron ƙasa. Idan abin yana gabas sak ko yamma sak, jirkicewar takan kusa tsayawa. Idan yana kudu ko arewa takan yi sauri, idan kuma ya matso tsakar ka sai ta haukace, har motar waiwaye ma ta kasa riskarsa. Sannan tana ƙaruwa gwargwadon kusancin wuri da layin ikwaita. A Kano, wadda take kan digiri 12 arewa da layin, abin da ke kudu sak a tsayin digiri 45 yana jirkicewa da kusan digiri 21 a awa, alhali a Landan digiri 13 ne. Wato shawarar da aka rubuta don mazauna Turai, cewa sakan kaza ba ya ɓata hoto, sai an rage mata a ƙasar Hausa. Akwai ɗan sauƙi ta wani gefen: rukunin taurarin Oriyon da maƙwabtansa suna fitowa kusan gabas sak a wannan yanki, su miƙe sama kusan a tsaye, don haka awannin farko bayan fitowarsu sun fi dacewa da irin wannan mazauni fiye da lokacin da suka kai ƙololuwa.

Duk wannan bai shafi wata da duniyoyi irin su Mushtari da Zuhal da Zara ba. Su haskensu ya wadata, abokin gabarsu kawai shi ne rawar iska, wadda ke sa hoto kaɗawa. Maganinta shi ne a ɗauki bidiyo mai sauri, kowane hoto a cikinsa bai wuce ɗan kaso na sakan ba, a tara dubbai cikin minti biyu ko uku, sannan manhaja irin AutoStakkert ta tsince waɗanda iska ta lafa a cikinsu ta haɗe su. A irin wannan ɗan lokaci jirkicewa ba ta kai ta yi ɓarna ba, manhajar kuma tana daidaita hotunan ko da duniyar tana yawo a cikin allo. Shi ya sa mai madubin Dobson, har wanda yake turawa da hannu, yake iya fito da zoben Zuhal da ramukan wata ƙal-ƙal. Wanda burinsa ya tsaya nan ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan mazauni mai tsada, gara ya ƙara faɗin madubi.

Mazaunin ikwatoriyal ya bi wata hanya daban. Idan mutum ya buɗe laima, ya karkata ta, ya riƙa murza sandarta, duk zanen da ke jikin laimar zai kewaya sandar ba tare da ya canza matsayi da ɗan'uwansa ba. Haka sama take yi, sandar kuwa ita ce layin da duniya ke juyawa a kansa, wanda bakinsa na arewa yake nuna kusa da tauraron arewa. Abin da mazaunin ikwatoriyal ya yi shi ne karkata ɗaya daga sandunan juyinsa ta yi daidai da wannan layi. Da an yi haka, mota ɗaya mai gudu ɗaya, juyi guda a kwana, ta isa ta soke tafiyar sama. Kyamarar ma tana jirkicewa tare da taurarin, saboda haka na kusurwa da na tsakiya duk suna tsayawa.

Siffar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Jamus, wadda ta samo suna daga madubin da Joseph von Fraunhofer ya ƙera a 1824 don cibiyar Dorpat, garin da yanzu ake kira Tartu a Istoniya. Madubin mai faɗin santimita 24 ne, kuma injin agogo mai aiki da nauyi ne yake juya shi. Tsarin bai canza ba har yau: bututu a gefe ɗaya, doguwar sanda mai ɗauke da dunƙulen ƙarfe a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita, motar ta yi aiki ba wahala. Irinsa ne mafi yawan masu ɗaukar gajimare da gungun taurari suke amfani da shi, kuma yana karɓar kowane irin bututu.

Farashin wannan fa'ida shi ne saiti. Kowane dare, sai dai in an kafa mazaunin dindindin, dole a nuna sandar ga ainihin wurin da sama ke kewayawa. Tauraron arewa ba a wurin yake daidai ba, ya kauce da kusan kashi biyu cikin uku na digiri, don haka ake saka ɗan ƙaramin madubi a cikin sandar mai zanen da ke nuna inda za a ajiye tauraron gwargwadon lokaci. Kuskure kaɗan a nan yakan sa taurari su riƙa zamewa arewa ko kudu a hankali.

A nan ma wurin zama yana da tasiri babba. Tsayin tauraron arewa daga ƙasa daidai yake da nisan wuri daga ikwaita: kimanin digiri 17 a Agadas, 13 a Sakkwato, 12 a Kano, 9 a Abuja, ƙasa da 6 a Akara. Dunƙulen hannu a miƙe yana rufe kusan digiri 10, wato a Kano tauraron bai fi dunƙule ɗaya da ɗan ɗori ba daga ƙasa. Katanga ko itacen darbejiya sun isa su kare shi, kuma a lokacin hunturu, da sama ta fi rabuwa da gajimare, hazo yakan fi kauri a daidai wannan tsayi. Sannan shi kansa mazaunin: da yawa an ƙera su ne da tunanin ƙasashen da sandar ke tashi digiri 30 zuwa 60. Idan aka kwantar da ita zuwa 10 ko 12, ƙarfen daidaita nauyi yakan bugi ƙafar mazaunin, wasu ma kusar ɗagawarsu ba ta sauka zuwa nan. Kafin saye ya kamata a duba mafi ƙarancin digirin da kamfani ya rubuta. Akan magance bugun ƙafa da ƙara ɗan ginshiƙi tsakanin kai da ƙafafu, ko a juya kan yadda ƙarfen zai faɗa tsakanin ƙafa biyu. Rashin ganin tauraron kuwa yana da tsohon magani, wato a lura da yadda wani tauraro ke zamewa a gyara har ya daina, da kuma sabo: manhajoji irin NINA suna ɗaukar hotuna a wasu wurare na sama, su gane taurarin da ke ciki, su faɗi ta ina za a murza kusa da kuma yawan murzawar.

Ko saiti ya yi daidai, ƙarfe ba ya rasa aibu. Yawancin waɗannan mazaunai suna juyawa ne da wata sanda mai zare irin na noti, wadda ke tura haƙoran wani faifan ƙarfe. Sandar ba ta taɓa zama cikakkiyar da'ira, saboda haka a kowane juyinta, wanda yakan ɗauki minti 5 zuwa 10 gwargwadon mazauni, madubin yakan ɗan yi gaba sannan ya ɗan yi baya. A mazaunai masu matsakaicin farashi wannan kai-komo yana iya ninka girman ɗigon tauraro sau da yawa. Mutanen zamanin Draper da ido suke gyara shi: a manna ido a wani madubi na biyu mai gicciyen zare, wanda sau da yawa na gizo-gizo ne, a riƙe tauraro ɗaya a kan gicciyen awa da awanni cikin sanyi. Yau ƙaramar kyamara ce ke wannan gadi. Tana duban tauraro ɗaya duk bayan sakan biyu ko uku, manhaja irin PHD2, wadda kyauta ce, ta auna kaucewarsa ta umarci motar ta gyara. Da wannan, mazauni matsakaici yana iya riƙe hoto na minti 3 ko 5 ba zare. Ba a kuma bukatar awa 4 a jere irin ta Roberts: akan ɗauki hotuna 50 ko 100 na 'yan mintuna a haɗe su a kwamfuta, wanda iska ko jirgin sama ya ɓata a jefar.

Batun nauyi shi ne inda sababbin shiga suka fi faɗawa rami. Lambar da kamfani ke rubutawa, misali kilo 20 na EQ6-R na Sky-Watcher, ta fi dacewa da kallo da ido. Masu hoto sukan tsaya a rabi zuwa kashi biyu cikin uku nata, kuma lissafin ya haɗa da kyamara da madubin gadi da wayoyi. Dogon bututu ma ya fi gajere wahalar da mazauni ko nauyinsu ɗaya, don iska tana samun wurin kamawa. Madubin da ake sayarwa a kwali ɗaya da siririn mazaunin ikwatoriyal mai ƙafafun alminiyom, sunansa ikwatoriyal, amma taɓa shi kaɗan yake sa shi rawa na sakanni, kuma bai dace da dogon hoto ba. Ƙaramin madubi mai faɗin santimita 6 zuwa 8 a kan ƙaƙƙarfan mazauni ya fi ƙaton madubi a kan raunanan ƙafafu fitar da hoto, nesa ba kusa ba. Shi ya sa gogaggu suke ware wa mazauni kaso mafi tsoka na kuɗinsu. Ƙarfin kuma da nauyi yake zuwa, don kan EQ6-R kaɗai ya haura kilo 15, ban da ƙafafu da ƙarafa da batirin volt 12 da zai ciyar da shi har asuba.

Mazaunin Jamus yana da wata ɗabi'a guda: idan abin da ake bi ya ƙetare tsakiyar sama zuwa yamma, bututun yakan doshi ƙafafu, sai an tsaya an juya shi zuwa ɗaya gefen, a sake nemo abin a ci gaba. Mazauni mai hannu biyu, wanda bututu ke lilo a tsakaninsu, irin na Celestron C8 da ya fito a 1970, ba shi da wannan matsala. Asalinsa mai sama-da-gefe ne, amma idan aka sa masa karkataccen gindi sai ya koma ikwatoriyal. Sai dai a kusa da ikwaita hannuwan sukan kwanta kusan a shimfiɗe, nauyin duka ya rataya a gefe, rawa ta ƙaru.

Akwai hanyoyi masu sauƙin kuɗi na samun juyin ikwatoriyal. Ƙananan na'urori irin Star Adventurer, waɗanda ke shiga jaka, suna hawa ƙafa uku su ɗauki kyamara da gilashinta har kusan kilo 5, kuma da gilashin milimita 50 zuwa 200 sun isa su fito da Andromeda da gajimaren Oriyon. Mai madubin Dobson yana iya ɗora shi a kan wani dandamali mai jirkicewa a hankali, dabarar Adrien Poncet ɗan Faransa ta 1977, wanda ke bin sama na kusan awa guda kafin a mayar da shi farko. Mafi araha duka ita ce dabarar da George Haig na Sikotilan ya wallafa a 1975, wadda kowane kafinta zai iya haɗawa: katako biyu da aka haɗa da hinji irin na ƙofa, a nuna tsawon hinjin ga tauraron arewa, a ɗaura kyamara a katakon sama. A huda katakon ƙasa a nisan milimita 229 daga hinjin, a zura kusa mai zare wadda ke ci gaba da milimita ɗaya a kowane juyi. Idan aka riƙa murza ta juyi ɗaya a minti, ana bin hannun sakan na agogo, katakon sama zai buɗe daidai da gudun taurari. Bayan 'yan mintuna lissafin yakan fara kaucewa, sai a mayar a sake, amma da gajeren gilashi hoton minti 2 ko 3 yana fita da tsabta.

A 'yan shekarun nan abubuwa biyu sun sauya kasuwar. Na farko mazaunai masu wata irin giya mai lanƙwasuwa da aka aro daga hannuwan mutum-mutumin masana'antu. AM5 na kamfanin ZWO, wanda ya fito a 2022, nauyinsa bai kai kilo 6 ba, amma yana ɗaukar kilo 13 ba tare da ƙarfen daidaita nauyi ba, yana kuma kwanciya har digiri sifili, abin da ya kawar da matsalar bugun ƙafa ga mazauna kusa da ikwaita. Aibinsa shi ne kai-komon giyarsa yana da girma da sauri, don haka kyamarar gadi ta zama tilas, kuma ba shi da araha.

Na biyu shi ne dawowar mai sama-da-gefe ta wata ƙofa. Manyan cibiyoyi sun riga sun koma gare shi: madubin Hale mai mita 5 da aka buɗe a Palomar a 1948 ikwatoriyal ne, amma daga BTA-6 na Tarayyar Sobiyet mai mita 6, a tsakiyar shekarun 1970, manya irin Keck na Hawai duk sama-da-gefe ne, kwamfuta na tuƙa su, wata mota ta uku kuma tana juya kyamarar don soke jirkicewa. Ƙananan madubai masu sarrafa kansu, irin Seestar S50 mai gilashin milimita 50 da ya fito a 2023, sun bi ta manhaja: suna ɗaukar hotuna na kimanin sakan 10, su juya kowanne ya hau kan na baya, su tara su a wayar hannu. Ingancin kyamarorin yanzu ne ya sa hakan ya yiwu, domin gajeren hoto ba ya cika da dusa kamar da. Idan tarawar ta yi tsawo kusurwoyin hoton sukan lalace sai an yanke su, kuma abin da ya zo tsakar ka yakan gagare su na ɗan lokaci. A Kano, Kaza da 'Ya'yanta tana wucewa digiri 12 kacal arewa da tsakar ka, gajimaren Oriyon kuma kusan 17 ta kudu, saboda haka mai irin wannan madubi yakan ɗauke su ne tun suna hawowa daga gabas, ko bayan sun gangara yamma.